Faɗan Gwaggo Almakashi

A layinmu ba da agogo ake tashi ba, da faɗan Gwaggo ake tashi. Tun kafin masu shaguna su gama ɗaga ƙofofinsu za ka jiyo muryarta daga bakin shagon ɗinki: "Kai, bawan Allah, dawo nan! Haka za ka shiga mutane?" Kowa ya san da wa take. Mijinta ne, mai gyaran rediyo, wanda shagonsa ke kallon nata, ya sake cusa maɓallin rigarsa a ramin da ba nasa ba, gefe ɗaya na rigar ya fi ɗaya tsawo. Sai ya juyo sumui-sumui ya tsaya a gabanta ya ɗaga haɓa. Ita kuma ta ɓalle maɓallan duka, ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana wanke shi tas. "Mutum ya iya haɗa wayoyin da ido ba ya gani, amma rami da maɓalli sun gagare shi. Ni dai Allah ya haɗa ni da aiki." In ta gama sai ta buga masa ƙirji da bayan hannu ta ce, "Tafi, ka ishe ni." Na buɗe ido na tarar ana haka, kuma ban taɓa ganin safiyar da aka yi fashi ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce, mijinta kuwa Baba muke ce masa. Mutanen layi suna kiranta Gwaggo Almakashi, a bayan idonta dai, don ba a haifi mai faɗar haka a gabanta ba. Gajeriya ce, tef ɗin awo a wuya, alli a bayan kunne, allurai jere a leɓenta. Ita kaɗai na taɓa gani tana faɗa da allurai a baki ba tare da ko ɗaya ta faɗi ba. Tun tana budurwa take taka keken ɗinki, da shi ta riƙe gida lokacin da mutane suka fara jefar da rediyo maimakon su kai gyara, da shi kuma ta kai 'yarsu tilo, wadda muke kira Auta, har jami'a.

Sai dai faɗan Gwaggo yana da ƙa'ida, kuma wanda bai san ƙa'idar ba ba zai gane abin da ya same mu ba. Gwaggo ba ta yi wa mai kawo ɗinki faɗa. Namiji in ya shigo shago Yallaɓai ne, mace kuma uwar ɗakina. Matar da ta ƙara ƙiba har riga ta ƙi shiga, Gwaggo za ta dafa ƙirji ta ce, "Ayya uwar ɗakina, ai yadin bana ne ba shi da amana, tsukewa yake." Zuma duk ta bare ce. Faɗa kuwa sai nata, sai wanda ta ɗauka a zuciya. Ni kaina da na zo koyon ɗinki a wurinta, na yi makonni tana ce min "sannu 'yar ƙanena", ina komawa gida ina kuka. Ranar da na ɗinke bakin wani siket ya tafi a karkace, ta ɗaga shi a hasken taga ta ce, "Ku zo ku ga ikon Allah! Ke da idonki biyu kika yi wannan? Karkace kawai!" Baba ya tsallako titi da kwalbar lemo mai sanyi ya miƙa min ya ce, "Barka, kin zama 'yar gida." Sunan Karkace ya bi ni har yau, ga ni da furfura a goshi, ga shagon a hannuna.

Mun taso muna jin ana cewa hali zanen dutse ne, mun kuma yarda, tunda ga Gwaggo muna gani. Shi ya sa da abin ya fara ba mu kawo komai a rai ba. Ta yanka wa wata riga hannun hagu biyu, ta ce ni ce. Aka nemi almakashinta aka rasa, sai ga shi a cikin firji kusa da ruwan sanyi, ta ce Baba ne. Muka karɓi laifin da hannu biyu, ai mun saba. Muddin tana faɗa, mu a wurinmu lafiya lau take.

Sai wata safiya Baba ya fito kamar kullum, riga a karkace, ya rage tafiya daidai ƙofar shago yana jiran kira. Shiru. Ya yi gyaran murya. Shiru. Ya leƙo. Gwaggo ta miƙe daga kan kujera, ta gyara tef ɗin wuyanta, ta yi masa murmushin da ban taɓa ganin ta yi masa ba, ta ce, "Sannu da zuwa, Yallaɓai. Ɗinki aka kawo?"

Baba ya waiga bayansa ya ga ko wani ne ya shigo. Babu kowa. Ni kuwa ƙafata ta tsaya cak a kan keke. Ta juyo gare ni da wannan murmushin ta ce, "Uwar ɗakina, a ba baƙo kujera mana." Wallahi da mari ta kwaɗa min da ya fi min sauƙi.

A asibiti aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce ciwon mantuwa ne, irin wanda ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maƙwabta. Mai kantin da ke jikin shagonmu, wanda ya sha wankin babban bargo a hannunta saboda yana tara kwalaye a ƙofarmu, ya tare ni yana fara'a wai, "Kai, Gwaggo ta yi sanyi, jiya har addu'a ta yi min!" Na ce masa, "Ta mayar da kai bare kana murna. Kwashe kwalayenka." Ya ce ashe almakashin bai ɓata ba, hannu ya sauya.

Baba bai yi kuka ba, bai kuma zauna zugum ba. Shi mai gyara ne, a wurinsa duk abin da ya yi shiru akwai wayar da ta saki. Abu ɗaya yake nema a duniya: Gwaggo ta yi masa faɗa, ko sau ɗaya ne, ya san har yanzu ta san shi nata ne. Ya kuwa ɗaura ɗamara. Ya fara da tsallake rami biyu maimakon ɗaya. Ta ce, "Yallaɓai, rigar nan ta karɓe ka." Ya sako rigar a bai-bai, ɗinki a waje, aljihu yana reto. Ta ce sabon yayi ne, ta gani a wurin matasa. Ya zo da takalmi ƙafa ɗaya baƙi ƙafa ɗaya ja, ya ɗora su a kan teburin yanka. Ta tambaye shi ko a kawo masa ruwa. Dattijo mai mutunci ya zama abin kallo a layi, yara suna bin sa, shi ko a jikinsa.

Ranar da ya kai maƙura ita ce ranar almakashi. Duk wanda ya zauna da tela ya san almakashin yadi ba a yanka komai da shi sai yadi. Auta tana ƙarama ta taɓa yanka takarda da shi, har yau in aka tuna mata sai ta shafa kunne. Baba ya shigo da wayar lantarki mai kauri, ya ɗauki babban almakashin Gwaggo a kan idonta, ya ɗaga shi sama yadda za ta gani da kyau, ya datsa wayar ƙaras. Ni da kaina sai da na runtse ido. Gwaggo ta ce, "A yi a hankali, Yallaɓai, kada a ji ciwo."

Ni ce na fashe. Na ce, "Baba, don girman Allah! Ka san wahalar da ake sha kafin a wasa almakashin nan? Girma ya kama ka kana abin yara!" Ya tsaya ya saurare ni har na gama, kai a karkace kamar mai neman tasha, sannan ya ajiye almakashin ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Karkace. Amma naki ba gishiri."

Auta a ɗakin bincike na jami'a take aiki, kuma abin mamaki, a kan ƙwaƙwalwa take bincikenta tun kafin ciwon ya shigo gidansu. Duk ƙarshen mako takan zo. Uwar ta tarbe ta da "uwar ɗakina", ita kuma ta shiga bayan labulen gwaji ta share ido ta fito. Wata rana Baba ya tsare ta a shago ya ce ta gaya masa gaskiya, me ya lalace a ciki.

Ta ce, "Baba, ƙwaƙwalwa ƙananan ƙwayoyi ne birjik suka haɗu. Kowace ɗaya tana ɗauke da duk ƙwayoyin gadon da mutum ya samo daga iyayensa. Amma ba duka ke aiki lokaci ɗaya ba. Wasu suna aiki sosai, wasu kaɗan, wasu suna kwance. A wannan ciwon, abin da ake gani shi ne tsarin yana sauyawa. Waɗanda ke taimaka wa jijiyoyi su yi magana da juna sukan ja baya, masu tayar da kumburi da faɗa da cuta kuma su yunƙuro."

Baba ya ce, "Wato ba a cire komai ba."

"Gadon yana nan, amma..."

"Murya aka rage wa wasu, aka ƙure wa wasu."

"To, kusan haka, amma Baba..."

"Shi ke nan," in ji shi, ya miƙe fuska a sake. "Ai wannan aikina ne."

Bai bar ta ta huta ba sai da ta nemi izini ta kai shi wurin aikinta, ni kuma aka ja ni don in riƙe shi. A ƙofa aka ba mu fararen riguna. Ya saka tasa a karkace, don sabo, na ga kan sukudireba yana leƙe daga aljihunsa na ƙwace. Ɗakin sanyi ƙalau, ga manyan firji suna gurnani a jikin bango, ga matasa sanye da safar hannu suna ɗiga ruwa cikin 'yan kwalabe ƙanana kamar murfin biro. Baba ya kanga kunne a jikin wani firji ya ce fankarsa ta kusa mutuwa, a sauya. Auta ta ce masa a hankali, abin da ke ciki 'yan yankuna ne na ƙwaƙwalwar mutanen da suka yi wasiyya a yi bincike da ita bayan ransu, don a taimaki na baya. Ya janye kunnensa, ya ja da baya, ya yi musu addu'a ƙasa-ƙasa.

Sannan ta zaunar da shi gaban kwamfuta. Allon cike yake da ƙananan gidaje, wasu ja wasu shuɗi, kamar yadin da aka haɗa da ƙyallaye. Ta ce kowane layi ƙwayar gado ɗaya ce, ja na nufin aikinta ya ƙaru, shuɗi na nufin ya ragu. Baba ya saka tabarau, ya bi layukan da yatsa tun daga sama har ƙasa.

"Wanne ne na faɗa?"

"Baba, babu ƙwayar gado ta faɗa."

"Babu?"

"Babu. Hali ba abu ɗaya ba ne da za a nuna da yatsa."

"To ke a ina kika samo naki? Ita wannan fa?" Ya nuna ni. Matasan nan suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, ka saurare ni. Dubbai ne suke sauyawa tare. Har yanzu ba mu gama sanin wanne ne ya jawo ciwon ba, wanne ne kuma ciwon ya jawo. Wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ma mutuwa suke yi, ba shiru kawai ba. Muna nema, wataƙila wata rana a samu abin da zai taimaki wasu. Amma babu abin murɗawa, Baba. Da akwai, ka ɗauka zan bari Mama ta ce min uwar ɗakina?" Baba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin farar rigar, alhali ba abin da ya same shi. A mota, muna hanyar gida, ya tambaye ni sukudirebarsa.

Washegari na buɗe shago, na zaunar da Gwaggo a kujerarta ta bakin taga. Mun daina ba ta almakashi, sai ƙyallaye nake tara mata a kwando tana ninkewa, in ta gama in warware in sake ba ta. Can sai ga Baba. Rigarsa tsaf, kowane maɓalli a raminsa, kwala a kwance, takalmi kala ɗaya. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma ban taɓa ganinsa da tsufa kamar ranar ba. Ya haƙura ke nan. Ya yi sallama ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, hannu a kan gwiwa.

Gwaggo ta ɗago ta dube shi daga wuya har ƙasa. Ta ajiye ƙyallen hannunta.

"Yallaɓai, kai kam ka iya saka riga."

"Na gode," in ji Baba.

"Ba kamar mijina ba."

Na ɗauke ƙafata daga kan keke. Baba ya ɗago kai ya dube ta.

"Kina da miji ashe?"

"Ina da shi mana, ga shagonsa can." Ta nuna tsallaken titi da haɓa. "Rediyo yake gyarawa. Hannu gare shi kamar me, amma a ce ya saka maɓalli daidai, sai dai a sake haihuwarsa. Kullum sai na tsare shi a ƙofa. Na yi faɗan, na yi faɗan, kamar ina zuba ruwa a kwando." Ta waiga hagu da dama, ta matso da kujera, ta rage murya. "In gaya maka wani abu? Da gangan yake yi. Tun muna amarya da ango. Ya ɗauka ban sani ba. Mutum ne mai kunya, ba zai iya cewa zo kusa da ni ba, sai ya karkata riga. Ni ma kuma ba zan iya ba, sai in yi faɗa. Kada ka gaya masa na gane. In ya daina, da wane dalili zan riƙa tsayar da shi?"

Na juya na fuskanci bango ina neman zaren da ban san kalarsa ba. Tausayinsu ya cika min ciki, har da haushin kaina, ni da na yi shekaru a tsakaninsu ina ganin Baba a matsayin wanda bai iya saka riga ba.

Shi kuwa daɗi ya kwashe shi. An daɗe ba a zage shi ba, ga shi yau ana yi, ko da a bayan ido ne. Ya so a ƙara. Ya gyara zama ya ce, "Gaskiya kina haƙuri. Wannan miji naki ai shashasha ne. Sakarai ne na ƙarshe. Ni da ke ce da tuni na..."

Bai ƙarasa ba. Gwaggo ta miƙe tsaye, kwandon ƙyallaye ya kife. Muryar nan da muka yi wata da watanni ba mu ji ba ta fito gaba ɗayanta, har gilashin taga ya amsa.

"Kai, bawan Allah! Wa ya ba ka bakin zagin mijina? Sa'anka ne? Ka san shi? Ni kaɗai ke da wannan ikon a duniya! Ji min mutum, an ba shi kujera ya nemi hawa kai! Tashi ka fita min daga shago, ɗinkin naka ba na so!"

Ta kama shi ta kwala, ta tura shi har ƙofa, ta buga masa ƙirji da bayan hannu. "Tafi, ka ishe ni!"

Layi ya tsaya cak. Mai kanti ya fito da gudu ya hau kwashe kwalayensa ba wanda ya ce masa kanzil. Baba yana tsakiyar titi, hawaye na bin gemunsa, baki har kunne, yana ce wa duk wanda ya wuce, "Kun ji? Kun ji ta?" Tun da aka kafa shagon nan ba a taɓa korar mai kawo ɗinki ba sai ranar, kuma saboda shi aka yi. Da na koma ciki Gwaggo tana tsince ƙyallayenta tana huci. Ta ce min, "Uwar ɗakina, ki yi haƙuri, wasu mutanen ba su da tarbiyya."

Da rana ya kira Auta a waya ya ba ta labari, ya ce ta duba allonta da kyau, akwai wani gida ja da ba su gani ba. Ta ce za ta duba, ina jiyo ta tana jan hanci.

Ciwon bai tsaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Yanzu kalmominta sun ragu, ƙyalle ɗaya takan wuni tana juyawa. Amma Baba ya sami aikin yi. Kullum da safe yakan shigo ta ƙofar baya, ya tsaya gaban madubin gwaji ya shirya, sannan ya zagaya ya shigo ta gaba a matsayin Yallaɓai, ya zauna a benci ya jira a yabi rigarsa, don ya samu ya zagi mijinta. Wata rana a kore shi, ya tafi shagonsa yana fito. Wata rana ta dube shi kawai ta yi murmushi, ya zauna tare da ita har rana ta take.

Yau da safe ina share shago na tsaya ina kallonsa a madubi. Ya ce, "Karkace, duba min, sun daidaita?" Yana maganar yana kallona, yatsunsa kuma suna bin maɓallan daga wuya zuwa ƙasa, tsaf-tsaf, cikin sauri, ko sau ɗaya bai duba ba.

Na ce, "Sun daidaita, Baba."

Ya ja bakin rigar, ya zagaya ya tafi ya yi sallama.